Muryar Auta da Yatsun Tafireta

Tafireta ba sunanta ba ne. Ƙaninta ne ya laƙaba mata, sunan kuma ya bi ta har ofis ya zauna daram. Tun tana budurwa ta koyi bugun rubutu a kan irin tsohuwar na'urar nan mai ƙararrawa a ƙarshen layi. Da kwamfuta ta zo aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito, ita ba a kwashe ta ba, ta koma kan kwamfuta da yatsunta da saurinta. Shekara ashirin da wani abu tana zaune a ɗaki guda, bayan ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa, ƙarƙashin fanka mai kukan tsohuwar keke, tana buga wasiƙun manya.

Abin alfaharinta guda ne: ba ta kallon allo. Malamar da ta koya musu bugu takan rufe musu hannu da kwali, wadda ta ɗaga ido daga takarda ta sha rula a yatsu. Ido a kan takarda, yatsu su yi aikinsu. Kuma abin da aka rubuta shi za ki buga. Ko oga ya rubuta shirme, ba naki ba ne ki tambaya. Da wannan tarbiyya ta ci abinci, ta yi aure, ta sa 'ya'yanta a makaranta. Idan sabon ma'aikaci ya zo, sai a kawo shi bakin ƙofarta ya ga matar da ke bugu tana hira da masinja, fuskarta na gefe guda.

Sai aka wayi gari aka ce kowane oga ya iya buga wasiƙarsa da kansa, masu bugu kuma wanda ba shi da digiri za a mayar da shi teburin karɓar baƙi ya riƙa cewa mutane su zauna. Bayan shekarun nan duka, ladar ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta je ta durƙusa wa kowa ba. Ta sayi fom ta shiga jami'a, karatun Asabar da Lahadi, sashen kwamfuta. Ta haura arba'in a lokacin. Yayanta, babba a gidansu, da ya ji sai ya ce, "Ke da ya kamata ki fara goyon jikoki, sai ki koma goyon jaka?" Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Mijinta bai hana ba, bai kuma taɓa wanke ko cokali don ta samu ta yi karatu ba. 'Yan ajinsu kuwa, sa'annin ɗanta na fari, suka sa mata Mama, suna ba ta kujerar gaba kamar wadda ta zo asibiti.

Shekarar farko ta lallaɓa da kwamfutar ofis. A ta biyu aka ce dole kowa ya mallaki tasa. A nan ne Inna ta shigo cikin zancen.

Inna mahaifiyarsu ce, tana zaune a ɗakin baya na gidan Yaya, idonta ya yi rauni, sai dai kunnenta ko allura ta faɗi. Autanta, wanda ya sa wa Tafireta suna, ya rasu bara waccan bayan 'yar gajeriyar jinya. Sana'arsa ɗaukar bidiyo da haɗa sauti a wuraren taro. Wayarsa ta yi ƙafa a ranar da ake ta kansa a asibiti. Abin da ya rage shi ne tsohuwar laftof ɗinsa, baƙa, da salatif a kusurwa, a cikinta kuma akwai wata folda da ya rubuta wa suna Inna.

Auta yana da wata ɗabi'a. Duk sanda ya sayo sabuwar makirfo ko ya gyara tsohuwa, a kan Inna yake gwada ta. Zai kunna tun daga bakin ƙofa, ya shigo yana cewa, "Inna, na dawo. Me aka ajiye min?" Ita ta ce, "Kwanonka na nan a rufe." Daga nan sai tsokana. Ya tambaye ta wa ta fi so a 'ya'yanta, ya kwaikwayi tafiyar Yaya da tarinsa, ya kwaikwayi Tafireta da baki, ta-ta-ta-ta, ƙirrin, har Inna ta ce ya fita mata daga ɗaki. Irin wannan hira ta taru da yawa a foldar. Bayan rasuwarsa, duk Lahadi da yamma Tafireta kan zo ta kunna wa Inna. Kuma duk sanda muryar ta ce me aka ajiye min, Inna ta nan ɗakin, ba ta cikin na'ura ba, sai ta riga ta cikin na'urar amsawa: "Kwanonka na nan a rufe."

Inna da kanta ta jawo laftof ɗin daga ƙarƙashin gado ta ɗora wa 'yarta a cinya.

"Ɗauki ki yi karatunki. Shi ma da yana nan zai ba ki, bayan ya gama yi miki tsiya."

"Inna, ai taki ce."

"Tawa muryar ce. Sauran ƙarfen ban san abin da zan yi da shi ba. Ki dai riƙa kawo min shi ran Lahadi."

Kowa a gidan ya san ya kamata a kwafi muryar nan a ajiye a wani wuri. Yaya ya ce zai kawo filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi fayil, ya faɗa a gaban mutane da babbar murya, bai kawo ba har yau. Matarsa ta ce ɗanta zai yi idan ya zo hutu. Ita kuma Tafireta, mai karatun kwamfuta a jami'a, da filas a cikin jakarta kullum cike da wasiƙun ogogi, ta ce sai ta samu sarari. Gida guda, manya reras, aikin da bai kai dafa ruwan shayi ba.

A wannan zangon ne suka fara darasin babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta. Yaran ajin sun tsani darasin, ita kuwa shi ne na farko da ya shige ta ba tare da faɗa ba. Malamin, wani dogon Dakta da ba zai girmi ƙaninta ba, ya ce kwamfuta ba ta yin abubuwa da yawa a lokaci guda kamar yadda ake gani. Babbar manhaja ce ke raba musu layi, ta ba wannan ɗan lokaci, ta karɓe ta ba wancan, da saurin da kowa zai zaci shi kaɗai ake yi wa aiki. Tafireta ta ce a ranta, to ai ni ce. Oga uku, kowa tasa wasiƙar ta gaggawa ce, ki buga wa wannan sakin layi, wancan ya leƙo ki nuna masa tasa ce a hannunki. Ranar da Dakta ya yi bayanin yadda ayyuka biyu kan cije, kowa ya riƙe abin da ɗayan ke jira, babu mai saki, dariya ta ƙwace mata ita kaɗai a aji. Ta tuna ranar da akantan ofishinsu ya riƙe fayil yana jiran hatimi, sakatare ya riƙe hatimi yana jiran fayil, har aka tashi aiki. Ta fara jin cewa wataƙila kanta bai tsufa ba.

Sai aka ba da babban aikin zango. Kowa zai ɗora wata sabuwar babbar manhaja a kwamfuta da hannunsa, ya rubuta ɗan shiri a kanta da ke nuna yadda ayyuka ke karɓa-karɓa, sannan ranar gwaji ya kawo kwamfutar ya kunna a gaban Dakta. Asali a ɗakin kwamfutocin sashen ake yin wannan aiki, amma rabin na'urorin sun mutu, sauran kuma ba sa isa. Sai aka ce kowa ya yi a tasa a gida. Aka raba musu takardar bayani mataki-mataki, wadda aka rubuta tun shekarun baya don kwamfutocin makaranta, waɗanda babu komai a cikinsu da wani zai yi wa kuka. Babu wanda ya zauna ya ƙara layi guda a samanta cewa wanda zai yi a tasa ya kwashe kayansa tukuna. Dakta ya ce ya faɗa da baki. Wataƙila ya faɗa, a ranar da motar haya ta lalace da ita a hanya ta shigo ana tashi. Yaran sun sani, don su da abin aka haife su. Ita takarda aka ba ta.

Ta yi aikin ne wata Asabar da la'asar a teburin falo, tukunya na kan wuta, 'yar autarta na kuka a kan takalmi. Ta jingina takardar a jikin kwalbar ruwa ta hagunta, daidai inda take jingina rubutun oga, ta ɗora yatsu. Takarda ta ce zaɓi harshe, ta zaɓa. Ta ce zaɓi lokaci, ta zaɓa. Ta ce a shafi na gaba ɗauki zaɓin goge rumbu, danna maɓallin enta, zai tambaye ka ko ka tabbata, sake danna enta. Kalmar goge ta wuce ta idonta zuwa yatsunta ba ta tsaya a kanta ba, kamar dubban kalmomin da ta buga a rayuwarta ba ta san me suka ce ba. A kan allon kuwa gargaɗi ne ɓaro-ɓaro cewa duk abin da ke cikin rumbun ajiyar zai tafi. Yana nan a gabanta, tazarar hannu. Ta danna, ta sake dannawa, ta tashi ta duba tukunya.

Da ta dawo, sabon allo ya fito fes, launinsa mai kyau. Har ta yi murmushi. Ta ce bari ta ga inda foldar Inna ta koma a sabon tsarin. Ta duba nan, ta duba can. Ta rubuta sunan a wurin nema. Ta kashe ta kunna. Ta sake rubuta sunan da manyan haruffa, kamar na'urar kurma ce. Sai a lokacin ta ɗauki takardar ta karanta ta kamar mai karatu, ta kai layin nan, ta zauna a kansa. Ƙaurin abinci ya cika gidan. Mijinta ya fito yana tambayar ko mutuwa aka yi da za a bar tukunya ta ƙone, ta ce masa a'a.

Washegari Lahadi ta je wurin Inna hannu rabbana.

"Ina yaron?" Haka Inna ke kiran laftof ɗin.

"Batirin ne ya ƙi, Inna."

"Ba a jona shi a wuta?"

"Cajar ma ta samu matsala. Zan kai gyara."

"To. Allah ya sa a dace."

Ta zauna ta yanke wa Inna farce, ta gyara mata gado, ta share ɗakin da ba ya buƙatar shara. Lahadi ta gaba ta ce mai gyara ya yi tafiya. Ta gaba ta ce ba a samu irin cajar ba, tsohon yayi ce. Ƙarya ba sana'arta ba ce, kowacce sai ta fito a karkace, amma Inna ba ta taɓa ja ba. Sai dai ta ce to, ta juya fuska wajen ƙofa, wurin da muryar kan fara fitowa.

Kuma ga abin da ya fi komai muni, wanda ita ba ta san tana yi ba. Tunda a ganinta abin da ya tafi ya tafi, sai ta duƙufa a kan laftof ɗin kamar mai biyan kaffara. Ta ce tunda ta yi wannan ɓarna saboda karatu, to karatun nan sai ta ci shi da kyau. Ta kai ta ofis, ta yi ta sauke bidiyon laccoci da intanet ɗin ofis, manya-manya, har da waɗanda ba a kai gare su ba. Ta sauke littattafai. Ta rubuta shirinta, ya ƙi, ta gyara, ya yi. Duk sanda tunanin Auta ya taso, sai ta nemo wani bidiyon ta sauke. Rumbun da ya zama fayau, ta yi ta ɗura masa kaya har ya kusa cika.

Ana saura kwana kaɗan gwaji, Dakta ya shigo da darasin ƙarshe: yadda babbar manhaja ke ajiye fayil. Ya zana dogon gida mai ɗakuna a allo.

"Rumbun kwamfuta gidan haya ne," ya ce. "Kowane fayil ɗan haya ne da kayansa a ɗaki. Idan kun ce goge, kuna zaton manhaja za ta shiga ta kwashe kayan? Ba ta da wannan lokacin. Sunansa kawai take cirewa daga ƙofa, ta rubuta ɗaki babu kowa. Kayan suna nan ciki. Ko rumbun gaba ɗaya kuka goge irin gogewar sauri, yawancin ɗakunan ba a taɓa su ba. Sai ranar da aka kawo sabon ɗan haya, shi ne zai zuba nasa a kan na wancan. Daga nan kam sai haƙuri."

Yaran suna rubutu, wasu na latsa waya a ƙarƙashin tebur. Tafireta ta daina rubutu. Laftof ɗin na kan cinyarta a kunne, tana ɗumi, wani bidiyon ma bai gama sauka ba. Ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mama, muna ji."

"Dakta, idan mutum ya goge rumbu bisa kuskure, me ya kamata ya fara yi?"

"Ya kashe kwamfutar nan take. Kada ya ajiye ko harafi ɗaya. Ya kai wa wanda ya iya, galibi za a ciro kusan komai."

"Idan kuma ya ci gaba da aiki da ita?"

"Na tsawon yaushe?"

"Makonni."

"Me yake zubawa?"

"Bidiyo."

Wani yaro a baya ya ce, "Mama ta goge hotunan bikinta," aka yi dariya. Dakta ma ya murmusa, sannan ya dubi fuskarta ya daina.

"To wannan da hannunsa ya yi ta kawo 'yan haya," ya ce a hankali.

Ta danne maɓallin kashewa har allon ya mutu. Ashe ranar da ta zauna a falo tukunya na ƙonewa, Auta yana nan ciki, duka, da dariyarsa da tarin Yaya da ya kwaikwaya. Ranar da ta ce wa Inna batir ne, yana nan. Da ta buɗe baki ta faɗa wa ko da ɗaya daga cikin yaran nan da ke ba ta kujera, da sun ce mata kashe ki kai gyara. Kuskuren danna enta na yatsu ne, ana iya raba laifinsa da takarda da Dakta da makarantar da ta bar na'urorinta suka ruɓe. Amma shirun nata ne ita kaɗai, kuma shi ne ya yi aika-aikar.

Ba ta jira a tashi ba. Ta nufi layin masu gyara, inda janareta ke kuka ta kowace kusurwa, ta samu wani mai gyara da shagonsa ke ƙarƙashin matakalar bene, wanda sai ka sunkuya za ka shiga. Ta yi masa bayani tsaf, da kalmomin da aka koya mata ɗazun nan.

"Hajiya, ai kin fi ni sani," ya ce. "Ke da kika san duk wannan, ya aka yi kika cika ta haka?"

"Yau na sani."

Ya dube ta. Ya kwance bayan laftof ɗin ya zaro rumbun, ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana babba, ya kai kunne ya girgiza kaɗan.

"Tsoho ne, kuma ya gaji. Zan jona shi a tawa in bi shi ɗaki-ɗaki a hankali. Idan na matsa masa zai iya mutuwa a hannuna. Ki ba ni mako."

"Jibi nake da gwaji. Dole in kunna ta a gaban malami."

"To zaɓi. In mayar miki ki je ki kunna, amma ki sani duk kunnawa sai manhajar ta yi 'yan rubuce-rubucenta, kuma ban san a kan wa za ta rubuta ba. Wataƙila ba komai. Wataƙila a kan ɗan abin da ya rage. Ni dai ba zan rantse miki ba."

Ta tsaya a sunkuye ƙarƙashin matakalar, mutane na hawa da sauka a kanta. Faɗuwa a wannan darasi na nufin ƙarin shekara, kuma ofis ba zai jira ta ba, teburin karɓar baƙi na nan an goge shi. Ta tuna duk wannan, ba wai ba ta tuna ba.

"Bar shi a wurinka," ta ce.

Ranar gwaji ta je da jaka babu komai. Dakta ya saurare ta har ƙarshe, ya ce ya tausaya, amma ba shi da abin da zai ba maki a kai, kuma idan ya ɗaga mata, gobe rabin aji za su zo da labarin mamaci. Ta ce ta gane. Tana fita ta ji yana ce wa wakilin aji a ƙara gargaɗi a saman takardar nan kafin baɗi. Sai yanzu.

Mai gyara ya cika alkawari. Ya miƙa mata filas da tarin fayiloli marasa suna, sai lambobi, don sunayen sun tafi tun ranar farko. Ya ce sai dai ta bi su da kunne. Ta yi kwanaki tana bi a ofis lokacin hutun rana, abin ji a kunne, ƙofa a ɗage da ƙafa. Kiɗan tarukan mutanen da ba ta sani ba. Jawabin wani shugaban ƙungiya da ya yanke a tsakiya. Ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Fayil ya fara da muryar wata mata, ya koma shiru. Laccocinta kuwa, da ta sauke don ta manta, ga su nan garau, ko ɗaya bai yi ƙwarzane ba.

A cikin wannan tarkace ta same shi. Guntu ne, bai kai a sha kofin ruwa ba. Farkon ya tafi, babu Inna na dawo. Sai ƙarar ƙofa, sai muryarsa kusa da makirfo, "...aka ajiye min?" Sai dariyarsa ta fara, ta yanke. Ta bi sauran har ƙarshe, ta sake bi. Babu wani.

Ta kwafe shi a waya, a filas biyu, a kwamfutar ofis, ta aika wa kanta ta aika wa ɗanta. Aikin da bai kai dafa ruwan shayi ba.

Ran Lahadi ta ɗauki laftof ɗin, an mayar mata da rumbunta, ta tafi. Yaya na zaune a tsakar gida ya ce, "'Yan jami'a, an samo cajar ke nan?" Ta wuce shi. Ta shiga ɗakin Inna, ta zauna a ƙasa maimakon bakin gado.

"Kin zo da yaron," Inna ta ce. Ta ji ƙarar zif ɗin jaka.

"Inna, ba batir ba ne."

Ta faɗa mata duka, ba ta rage ba. Takardar, da enta biyu, da ƙaryar caja, da bidiyoyin da ta yi ta zubawa a kansa yana ciki. Ta yi mata bayanin gidan haya da ɗakuna, don ba ta so Inna ta zaci ƙaddara ce kawai ta na'ura. Inna na saurare, hannunta na shafa gefen zaninta.

"Kunna abin da ya saura," ta ce.

Ta kunna a waya. Ƙofa ta yi ƙara. Aka ajiye min? Dariya, shiru.

Bakin Inna ya motsa, amma tambayar ta zo da wuri, ba ta shirya ba, kafin ta buɗe baki an gama. Ta saba da sallamarsa ta farko da ke ba ta lokaci.

"Sake."

Ta sake. Wannan karon Inna ta riga dariyar. "Kwanonka na nan a rufe." Babu wata Inna ta cikin na'ura da ta biyo bayanta, ita kaɗai ta amsa.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Inna."

"Inda yake kwaikwayonki fa?"

"Babu."

A waje Yaya ya yi tarin nan nasa.

"Da kike ce min batir ne," Inna ta ce, "kina kallon fuskata?"

"A'a."

"Na sani. Muryarki bango take bugowa." Ta miƙo hannu, Tafireta ta zaci nata hannun take nema, ashe laftof ɗin ce. Ta lalubi salatif ɗin kusurwa, ta jawo ta jikinta, ta sunkuya da ƙyar ta tura ta ƙarƙashin gado inda take a da. "Jarrabawar da aka yi duk wannan dominta, kin ci?"

"Na faɗi."

"To ki koma ki ci. Kada a ce ya tafi a banza." Ta gyara zama. "Amma ki nemi wani ƙarfen."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, Tafireta kuma ba ta da fuskar tambaya.

An mayar da ita teburin karɓar baƙi kafin shekara ta zagayo. Tana zaune a can yanzu, tana ce wa mutane su zauna oga yana ganawa. Ta sake yin rajistar darasin, tana aji ɗaya da yaran da suka zo bayanta, su ma Mama suke ce mata. Takardar bayanin tana da gargaɗi a sama da manyan haruffa, babu wanda ya san dalilinsa sai ita da Dakta. A ɗakin kwamfuta ita ce ta ƙarshen gamawa kullum, don duk abin da ya fito a allo sai ta karanta shi har ƙasa, leɓenta na motsi, yaran na tsaye a bayanta suna jiran kujera suna cewa Mama ki danna mana, ai ba komai ba ne.

Ran Lahadi da yamma tana zuwa ɗakin baya. Ta koyi ta ce, "Inna, zan kunna," ta ɗan dakata, don tsohuwar ta samu ta shirya amsarta.